Europa: Watan da ake zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa

Europa ɗaya ne daga cikin manyan watanni huɗu da ke kewaya duniyar Jupita, waɗanda masanin taurari ɗan Italiya, Galileo Galilei, ya hango da madubin hangen nesa a Janairun 1610. Faɗinsa kimanin kilomita 3,100 ne, wato bai kai watanmu girma ba, kuma yana kammala kewaye ɗaya cikin kwana uku da rabi.

Abin da ke ƙarƙashin ƙanƙara

Ƙanƙara ce ta lulluɓe Europa baki ɗaya, amma masana na da hujjar cewa akwai tekun ruwan gishiri a ƙasanta, wanda ruwansa zai iya ninka na dukkan tekunan duniyarmu sau biyu. Babbar hujjar ta fito ne daga awon maganaɗisu da kumbon Galileo na hukumar NASA ta Amurka ya yi, bayan isarsa Jupita a 1995.

Abin da ya hana ruwan daskarewa, duk da nisansa da rana, shi ne ƙarfin jan Jupita. Yayin da Europa ke kusantarta yana kuma yin nesa da ita, cikinsa na matsewa yana sakewa, wannan gogayya kuma na haifar da zafi. Inda ruwa da zafi da sinadarai suka haɗu, ana iya samun ƙananan halittu masu rai.

Binciken da ake yi

A ranar 14 ga Oktoba, 2024, NASA ta harba kumbon Europa Clipper, wanda ya ci kimanin dala biliyan 5. An tsara zai isa Jupita a 2030, ya gitta kusa da Europa sau 49. Aikinsa shi ne tantance ko wurin zai iya ɗaukar rai.

Abin da doka ta tanada

Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967 ta haramta wa kowace ƙasa mallakar wata ko wata duniya, ta kuma wajabta kauce wa gurɓata su. Gudun irin wannan gurɓatawa ne ya sa a Satumban 2003 aka jefa kumbon Galileo cikin Jupita da gangan, domin kada ya faɗa kan Europa ɗauke da ƙwayoyin halitta daga duniyarmu. Idan hakan ta faru, zai yi wuya a tabbatar cewa duk wani rai da aka gano can ba mu ne muka kai shi ba.