Su Wa Suka Shiga Kwalejin Katsina? Nazari a Kan Yawan Ɗalibanta da Asalinsu, 1921 zuwa 1938

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata magana da ta daɗe a bakin jama'a, wato cewa Kwalejin Katsina makarantar 'ya'yan sarakuna ce kurum. Za mu auna ta ta fuska biyu: yawan ɗaliban, da kuma gidajen da suka fito.

An fara karatu a wannan makaranta a 1921, Gwamna Clifford ya buɗe ta a 1922 domin horar da malaman da za su koyar a makarantun lardi. Kowane yaro da aka ɗauka akan ba shi lamba bi da bi. Ahmadu Bello, wanda ya shiga a 1926, shi ne na 87. Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa, wanda ya shiga a 1928, shi ne na 145. Idan muka raba wannan adadi a kan shekaru takwas, za mu ga waɗanda ake ɗauka a shekara ba su cika ashirin ba, a ƙasar da ƙidayar 1921 ta ba ta mutum wajen miliyan 10.

Dangane da asali, lalle akwai 'ya'yan sarauta. Ahmadu Bello jinin Shehu Usmanu ne, ɗan hakimin Raba. Amma Abubakar Imam ɗan malami ne daga Kagara, mahaifin Tafawa Ɓalewa kuwa baran hakimi ne a ƙasar Bauchi. Haka kuma ba Hausawa da Fulani kaɗai ba ne, domin Kashim Ibrahim Babarbare ne, Aliyu Makaman Bida kuma Banufe. Abin da ya haɗa su shi ne kusanci da En'e, don kuwa ta hannun sarakuna da hakimai ake samo yaran da za su shiga makarantar lardi, daga can ne kuma ake zaɓen na Katsina. Saboda haka ɗan bara yana iya ratsa wannan ƙofa, amma da wuya ɗan manomin da ke nesa da fada ya ko hango ta. 'Ya'ya mata ba su da gurbi ko ɗaya, an kuma gina makarantar ne domin Musulmi, aka bar sauran al'ummun Arewa ga 'yan mishan.

A 1938 aka mayar da makarantar Kaduna, daga baya Zariya, inda take da sunan Barewa. Amma sakamakon wancan zaɓe ya bayyana sa'ad da mulkin kai ya ƙarato: Firimiyan Jihar Arewa a 1954, da Firayim Ministan Nijeriya a 1957, da Gwamnan Arewa a 1962, duk daga wannan 'yar rajista suka fito. Ke nan wanda ya zaɓi 'yan aji a wancan zamani, shi ya zaɓa wa ƙasa shugabanni bayan shekara talatin. Ya kamata masu tsara ilmi su riƙa duba rajistar makarantunmu da wannan ido.