Gimi: Tashi da Faɗuwar Wani Ƙauyen Masihiyawa a Ƙasar Zazzau

Galibin abin da aka rubuta a kan shigowar addinin Kirista ƙasar Hausa labarin Turawan mishan ne: ranar da suka iso, sarkin da ya kore su, da littattafan da suka fassara. Ba safai akan tsaya a dubi mutanen ƙauye da suka karɓi addinin ba, balle a tambayi irin zaman da suka yi da juna bayan sun karɓa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bi diddigin ɗaya daga cikin irin waɗannan jama'u, watau ta ƙauyen Gimi da ke ƙasar Maƙarfi a yau, ta kuma nuna cewa saiwarta ba daga Ingila ta fito ba, daga zaurukan malaman Kano ta fito.

A shekarar 1900 ne ayarin ƙungiyar C.M.S. a ƙarƙashin Bishof Tugwell ya isa Kano, Sarki Alu kuwa bai yi wata-wata ba ya sallame su. Suka koma Girku a kudancin Zariya, inda ɗaya daga cikinsu ya rasu. A cikin ayarin akwai Walter Miller, wanda Zazzagawa suka sani da Likita Mila, mutumin da ya fara koyon Hausa a Tarabulus a bakin fatake da alhazai. A 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, a Durumin Maigarke, zamanin Sarki Aliyu ɗan Sidi. Ya buɗe makaranta da ɗakin magani, amma shekara da shekaru waɗanda suka bi shi ba su taka kara sun karya ba. Gwamnatin mulkin mallaka ma ba ta ba shi fuska ba, domin tana riƙe da alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna a 1903 na cewa ba za a taɓa musu addini ba.

Abin da ya sauya al'amarin ya girmi zuwan Mila da shekara talatin da ɗoriya. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi ɗan Dabo an yi wani malami, Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga fifita Annabi Isa, yana koya wa almajiransa su zauna cikin jiran dawowarsa. Hukumar birni ta ɗauki wannan a matsayin fitina, aka kashe shi a kasuwar Kano wajen 1867. Almajiransa suka watsu, wasu suka nufi duwatsun Ningi, inda ikon Kano bai kai ba, wasu suka ɓuya a ƙauyukan kan iyakar Kano da Zazzau da Bauci. Su ne ake kira Isawa. Ya kamata a lura, domin nan ne marubutan mishan suka sha yin tuntuɓe, cewa Isawa ba Kiristoci ba ne da suka ɓata suna jiran a gano su. Malamai ne da manoma waɗanda suka tashi a kan allo da tawada, abin da suka sani game da Isa ɗan Maryama kuwa daga Alƙur'ani da tafsiri suka same shi. Masanin tarihi Ian Linden, wanda ya yi bincike a kansu sa'ad da yake koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, ya sanya su cikin jerin ƙungiyoyin da suka taso a ƙarni na 19 suna jiran ƙarshen zamani, suna kuma ƙorafi a kan zaluncin masu mulki.

A 1913 wasu daga cikin zuriyarsu suka zo Zariya wurin Mila suna neman ƙarin bayani a kan Annabi Isa. Abin da jikokinsu ke faɗa shi ne Malam Ibrahim ya bar wasiyya cewa wata rana wasu za su zo da littafin da zai cika musu abin da suka rasa. Ko yaya asalin wannan magana yake, su ne suka tako da ƙafarsu, ba a je an nemo su ba. Mila da mutanensa suka zaga ƙauyukansu, waɗansu gidaje suka karɓi baftisma.

Nan take matsalar zama ta taso. Mutumin ƙauye ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Gandu na gida ne, gayya ta unguwa ce, aure da suna da jana'iza duk sai da liman da dangi. Wanda ya fita daga sahu, wa zai ba ɗansa mata, wa zai wanke gawarsa, a gaban wane alƙali zai kai ƙarar gado? Ga kuma dagaci da jakadan hakimi, waɗanda ba su rasa hanyar matsa wa wanda ba shi da kowa. Saboda haka aka yanke shawarar tara su wuri guda. Wajen 1914 aka kafa sabon ƙauye a Gimi, kusa da hanyar jirgin ƙasa ta Zariya zuwa Kano, mutum fiye da 100 suka taru a ciki. Wanda ya zauna da su a matsayin limaminsu shi ne W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan.

Wanda ya shiga Gimi a wancan lokaci ba zai ga abin da ya bambanta shi ƙwarai da sauran ƙauyukan Zazzau ba. Harshen gida da na majami'a duk Hausa ne, riga da hula da zane su ne tufafi, wanda ya iya karatu Malam ake ce masa. Abin da ya sauya shi ne ranar hutu ta koma Lahadi, yara kuma, maza da mata, suna koyon boko domin su karanta Linjila da kansu. Ga mutanen da suka gaji girmama littafi, wannan bai zo musu a baƙon abu ba. Sun dai sauya littafin ne, ba su sauya ɗabi'ar zama a gabansa ba. Watakila wannan ne dalilin da ya sa 'ya'yansu suka yi wa tsararrakinsu fintinkau a makaranta.

Thompson ya fito daga ƙasar da rake ne dukiyarta, ya kuma ga rake na yi a fadamun wannan yanki, sai dai shansa kawai ake yi. Ya shigo da injin matse rake wanda dabba ke juyawa, ya koya wa mutanen dafa ruwan har ya daskare. Da wannan sana'a ake danganta asalin mazarƙwaila a ƙasar Zazzau, ta kuwa bazu a Maƙarfi da Ikara da maƙwabtansu, a hannun manoman da akasarinsu Musulmi ne, ba su kuma san daga inda ta faro ba.

Sai dai damshin da ya raya raken shi ne ya ci garin. Ƙudan tsando mai ɗauke da ciwon barci a kurmin bakin rafi yake zama, inda mata ke ɗiban ruwa, yara ke wanka, maza ke aikin fadama. Ciwon yakan fara da zazzaɓi da kumburin kaluluwa a wuya, ya daɗe yana cin mutum a hankali, daga bisani ya taɓa ƙwaƙwalwa, mai shi ya riƙa gyangyaɗi da rana har ya kwanta bai tashi ba. A lokacin babu magani mai inganci a hannun kowa a ƙasar. Tara jama'a wuri guda, wanda aka yi don a tsare su, shi ne ya jera su a bakin ruwa ɗaya. Cikin 'yan shekaru mutuwa ta yi musu ɗibar karan mahaukaciya, zuwa wajen 1920 ƙauyen ya watse, aka kwashe marayu da sauran waɗanda suka tsira zuwa Zariya. Sai a ƙarshen shekarun 1930 ne gwamnati ta ɗauki ciwon da gaske a wannan yanki, ta sare kurmin rafuka a ƙasar Ancau, ta gina sabon garin Takalafiya.

A 1929 mishan ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa, bayan ganuwa, ragowar mutanen Gimi na cikin waɗanda suka zama harsashin sabon garin. Majami'ar da aka gina a can da sunan Bartalamawas Mai Tsarki ginin ƙasa ce irin na magina Zazzagawa, da bakan gizo da azara, ba kwaikwayon ginin Turai ba. Daga zuriyar Isawan nan Farfesa Ishaya Audu ya fito, ɗan Malam Bulus Audu, wanda ya zama ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.

Ga mai nazarin harshe, akwai wani abin lura a nan. Littafi Mai Tsarki da aka kammala a 1932, wanda Mila ne jigon fassara shi, cike yake da kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci ta hanyar Musulunci: Allah, annabi, addu'a, sujada, mala'ika, Attaura, Zabura, alkawari. Da su Masihiyawan ƙauye ke yin ibada, da su kuma dubban waɗanda ba Hausawa ba, daga Filato har Adamawa, suka koyi addinin. Amma sunan da ya kawo Isawa Zariya bai shiga ba: Yesu Kristi aka rubuta, ba Isa ba. Fassarar 1979 ta dawo da rabin abin, ta ce Yesu Almasihu. Mafi yawan Isawa kuwa tun farko ba su je Gimi ba, suka ci gaba da zama a ƙauyukansu na Kano da Bauci da Zazzau a kan koyarwar Malam Ibrahim.