Daga Maƙogwaro Zuwa Zuciya: Tarihin Furotin M

A hunturun da na kammala firamare a Gagarawa, ƙanwata ta yi ciwon maƙogwaro na 'yan kwanaki. Aka kira wanzami ya cire mata beli, aka ba ta jiƙe-jiƙe, ciwon ya lafa. Bayan mako uku gaɓoɓinta suka kumbura, muka ce sanyi ne. Shekaru takwas bayan haka likita ya gaya mana ƙofofin zuciyarta sun lalace, kuma tushen abin shi ne wancan ciwon da muka raina. Tun daga ranar nake bin diddigin yadda ciwon wuya ke kaiwa ga zuciya.

Tarihin ya faro ne daga Turai. A 1874 likitan tiyata Theodor Billroth ya ga wasu ƙwayoyin cuta jere kamar carbi, ya raɗa musu suna Sitireftokokas. A 1879 Louis Pasteur ya danganta su da zazzaɓin da ke kashe masu jego. Amma sirrin ƙarfinsu bai bayyana ba sai a 1928, lokacin da Rebecca Lancefield ta Cibiyar Rockefeller a birnin New York ta bayyana wani furotin da ke tsirowa a bayan ƙwayar kamar gashi, wanda ake kira furotin M.

Aikin wannan furotin yaudara ne. Yana janyo wasu sinadaran jininmu ya lulluɓe ƙwayar da su, sai fararen ƙwayoyin jini su kasa haɗiye ta, tamkar ɓarawon da ya sa rigar maigida. Ƙwayar da aka raba da shi nan da nan jini ke cinye ta. Ire-irensa sun haura 200, shi ya sa yaro kan kamu sau da yawa, kuma har yau babu allurar rigakafinsa a kasuwa.

A 1962 Melvin Kaplan ya nuna cewa garkuwar da jiki ya haɗa don yaƙar ƙwayar tana iya kama naman zuciya, saboda kamannin da ke tsakaninsu. Wato a wajen korar ɓarawo ne masu gadi ke fasa ƙofar gidan.

Abin takaicin shi ne maganin ya riga bayanin zuwa. Tun a 1950 binciken da aka yi kan sojojin sama a Wyoming ta Amurka ya tabbatar da cewa fenisilin, idan an ba shi lokacin ciwon maƙogwaro, yana hana wannan zazzaɓin gaɓoɓi. Cutar ta ja baya ƙwarai a ƙasashe masu wadata, ta tare inda cunkoso da talauci suke, har sai da Majalisar Lafiya ta Duniya ta zartar da ƙuduri a kanta a 2018.

A masarautarmu, daga Gumel zuwa Sule Tankarkar, hunturu na cusa yara ɗaki guda ana tari. Ranar Alhamis a kasuwar Maigatari mai sayen sa sai ya buɗe bakinsa ya duba. Yaron da ya ce wuyansa na ciwo ya fi cancantar ma'aikacin lafiya ya leƙa nasa. Ƙanwata na karɓar allurar fenisilin duk wata. Da an yi mata guda ɗaya a wancan hunturun, mai yiwuwa da ta wadatar.