Daga Katsi Zuwa Gawayi: Tarihin Ruwan Rini

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. An ce marinar Ƙofar Mata a birnin Kano ta soma aiki tun 1498. Da Bature matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, ya tarar saƙa da rini su ne ƙashin bayan arzikin garin. Daga Kano da Kura fatake suke ɗaukar baƙaƙen riguna da turkuɗi zuwa Gwanja, su sayar a kasuwar Salaga, su komo da goro.

Yaƙin basasa ya watse Salaga a 1892, 'yan kasuwa suka gangara kudu, waɗansu har Ankara. Malam Bako ya kafa Sabon Zango a farkon ƙarni na 20, Malam Amadu Futa kuma ya zauna a Nima wajen 1930. Mamobi ta taso kusa da ita. Jama'a suka zo da harshensu da son tufa mai launi.

Mai karatu, dubi yadda marinan dā suke aiki. Baba, da toka, da ruwa, su ke nan kayan da ake zubawa a rijiyar rini. In ruwan ya mutu, sai a kwashe laka da ta kwanta a ƙasa, wato katsi, a shanya, a ƙona. Da katsin nan ake haɗa laso, wanda ake shafe sabuwar rijiyar rini da shi don kada ta yi yoyo, magina kuma su shafe soro. Abin da ya fito daga rini, rini yake komawa.

Sauyi daga Turai ya zo. A 1856 wani saurayi a Ingila, William Perkin, ya haɗa launi na farko daga kwaltar kwal. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na masana'anta. Sabon launin yana da araha, yana kama zane da sauri, sai baba ya ja baya. Bayan Gana ta sami 'yancin kai a 1957 aka buɗe masaƙu a Tema da Akosombo. A unguwanni kuma mata da samari suka koyi rinin ɗauri da na kakin zuma a cikin baho, da garin launi da soda mai ƙuna.

Wannan ruwa ba shi da katsin da za a mora. In an gama, kwata ake tuttula shi. Babbar kwatar Nima tana zuba a kogin Odaw, Odaw ya kai tafkin Korle, daga can sai teku. Launi yana tare hasken rana, tsiron ruwa ya kasa rayuwa, kifi ya rasa iska. Soda tana cin fata, ga yara kuwa a bakin kwata suke wasa. Ba marina kaɗai suka ɓata Korle ba, shara da bayan gida sun fi yawa. Amma kowa ya zuba nasa, da shi aka taru.

Maganin ma yana da tarihi. A 1785 wani masani a Rasha, Tobias Lowitz, ya gano gawayi yana cire launi daga ruwa. Dalili kuwa, jikin gawayi cike yake da 'yan ramuka da ido ba ya gani. Launi yana maƙalewa a cikinsu kamar yadda ƙarangiya take kama riga. Gawayin da aka gasa musamman da tururi, giram 1 nasa yana da fili a ciki da ya kai murabba'in mita 500 ko fiye.

Irin wannan gawayi yana da tsada. Saboda haka masu bincike a jami'o'in Afirka da Asiya suka juya ga abin da muke zubarwa: ƙoƙon kwakwa, buntun shinkafa, garin katako, totuwar masara, ɓawon koko, da 'ya'yan zogale. Akan wanke su, a shanya, a niƙa, wani lokaci a ƙona su zama gawayi. A zuba garin cikin ruwan rini, a motsa, a bari ya kwanta, sa'an nan a tace.

Sai dai a kiyaye abu uku. Garin yakan ƙoshi, dole a sake sabo. Wanda ya ƙoshi ya zama dafi, in an watsa shi kwata an yi aikin baban giwa. Ruwan kuma, ko ya yi garau, ba na sha ba ne, gama gawayi ba ya kashe ƙarfin soda.

Kakanninmu ba su bar katsi ya lalace ba. Ganga biyu a bayan marina, ɗaya ta kwantar da ruwa, ɗaya ta tacewa, ba su fi ƙarfin ƙungiyar masu rini a Nima ko Mamobi ba. Wanda yake zaune a gangare maƙwabcinmu ne, ruwan da muka sake kuwa ƙofarsa yake bi.