Terrance Dicks (1935-2019): Marubucin da Ya Mayar da Wasan Talabijin Littafi

1.0 Gabatarwa

Manazarta adabi ba su cika ba da muhimmanci ga littafin da aka tsamo daga wasan talabijin ko sinima ba, domin a ganinsu marubucinsa ɗan ƙwadago ne kawai, tunda ba shi ya ƙagi taurarin da jigon labarin ba. Wannan maƙala za ta dubi rayuwar Terrance Dicks, mutumin Ingila da ya shahara wajen mayar da wasan ƙagaggen labarin kimiyya mai suna Doctor Who zuwa rubutun zube, don nuna yadda irin wannan aiki ya zama rumbun da ya adana abin da gidan talabijin ya zubar.

2.0 Haihuwarsa da Aikinsa

An haifi Dicks a East Ham, gabashin Landan, ranar 14 ga Afrilu, 1935. Ya karanta Ingilishi a Kwalejin Downing ta Jami'ar Cambridge, ya yi aikin soja na tilas, sa'an nan ya shiga sana'ar rubuta tallace-tallace. Malcolm Hulke, marubucin da Dicks ya yi haya a gidansa, shi ne ya jawo shi rubutun talabijin. A 1968 BBC ta ɗauke shi mataimakin editan Doctor Who, wasan da aka soma nunawa a 1963 game da wani baƙo daga wata duniya mai yawo cikin sararin samaniya, yana shiga zamanin da ya wuce da mai zuwa. Ba da jimawa ba ya zama cikakken edita, ya riƙe muƙamin har 1974.

3.0 Daga Allo zuwa Takarda

A 1973 kamfanin ɗab'i na Target ya fara fitar da littattafan wannan wasa don yara. Na farko da Dicks ya rubuta musu shi ne Doctor Who and the Auton Invasion, a 1974, daga bisani kuma adadinsu ya haura 60. Yakan ɗauki rubutaccen wasan ne ya mayar da shi labari cikin gajerun jimloli da babuka masu ƙarewa a kan gaɓa mai sa zumuɗi, tare da siffanta abin da ido zai gani a allo.

Muhimmancin wannan aiki yana bayyana ne idan aka tuna da halin zamanin. Bidiyo bai shiga gidajen jama'a ba tukuna, kuma ba safai ake maimaita wasa ba, saboda haka wanda bai kalla ba ya yi asara. Bugu da ƙari, har zuwa 1978 BBC tana goge faifanta don ta sake naɗar wani abu a kai, tana kuma lalata kwafen da ta ga ba su da sauran kasuwa. Misali, cikin kashi 6 na The Abominable Snowmen na 1967, guda ɗaya kacal ya tsira, amma littafin da Dicks ya rubuta a 1974 ya riƙe labarin daga farko har ƙarshe.

Haka nan The Web of Fear na 1968, wanda ya mayar littafi a 1976. Shekaru da dama kashi ɗaya kurum ke hannun BBC, sai a 2013 aka sanar cewa wani mai bincike, Philip Morris, ya gano kashi 9 da suka ɓace a wani gidan talabijin da ke Jos, 4 daga cikinsu na wannan labari ne. Wannan ya rage ɓatattun daga 106 zuwa 97 a lokacin. Kashi na 3 bai dawo tare da sauran ba. Tsawon shekara 37 ke nan littafin Dicks yana tsaye a madadin hoton.

4.0 Kammalawa

Dicks ya rubuta wasu littattafan yara na ƙashin kansa, ya kuma ci gaba da ƙagar sababbin labaran Doctor Who, kamar Timewyrm: Exodus na 1991. Ya rasu ranar 29 ga Agusta, 2019, yana da shekara 84. Tarihinsa ya nuna cewa bai kamata mai nazari ya auna irin waɗannan littattafai da ma'aunin wanda ya ƙagi labari kaɗai ba. Wajibi ne ya duba abin da suka adana da kuma masu karatun da suka isa gare su.