Janar Ganibal na Rasha: daga bakin kogin Logon aka ɗauke shi?

Ku da ke kai dabbobi da kaya tsakanin Kusiri da Njamena kun san Logon-Birni, garin Kotoko da ke bakin kogi a Arewa Mai Nisa ta Kamaru. To labarinmu na wannan mako ya taɓa garin, ko da yake a Rasha ya faru, shekaru ɗari uku da suka wuce.

Wajen 1696 aka haifi yaron. Yana ƙarami aka sace shi, aka kai shi Santambul, daga nan jakadan Rasha ya aika da shi Mosko a 1704, kyauta ga Sarki Bitrus Babba. A 1705 aka yi masa baftisma a birnin Bilniyus, sarkin da kansa ya tsaya masa a matsayin uba. Sunan da ya zauna masa shi ne Abram Petrobich Ganibal.

Bitrus ya ga yaron yana da kan lissafi. A 1717 ya bar shi a Faransa ya koyi aikin injiniyan soja, wato gina ganuwa da sarrafa igwa da haƙa rami a ƙarƙashin katangar abokan gaba. Karatun bai tsaya a takarda ba: ya shiga rundunar Faransa a yaƙinta da Sifen, aka ji masa rauni a kai. A 1723 ya koma Rasha.

Sai ubangidansa ya mutu a 1725. Kun dai san halin fada idan inuwar mutum ta gushe. Menshikof, wanda ya riƙe ragamar mulki, bai yarda da shi ba, a 1727 ya tura shi Saiberiya, har Selenginsk kusa da iyakar Sin, wai ya je aikin ganuwa. Sunansa aiki, amma kora ce. Shekaru kusan uku ya yi can.

Tauraronsa ya sake fitowa ne da Elizabet, 'yar Bitrus, ta hau gadon sarauta a 1741. A 1742 ta ba shi manjo janar, ta naɗa shi kwamandan Rebel, garin da yau ake kira Talin a Istoniya, ya yi shekara goma a can. A 1756 ya zama shugaban injiniyoyin soja, a 1759 ya kai cikakken janar. Shi ba janar ɗin da ake yi wa kirarin cin gari ba ne. Aikinsa ganuwa, tashar jiragen ruwa ta Kronshtat, da mashigar ruwa ta Ladoga. A ganina shi ya sa aka fi tunawa da jikan ɗiyarsa... a'a, in faɗi daidai: ɗan jikarsa, mawaƙi Pushkin, fiye da shi kansa.

Ga abin da ya tsaya mini a rai. Elizabet ta ba shi gandun Mihailobskoye tare da ɗaruruwan manoma da ba su da ikon barin ƙasar. Wanda aka sayar yana yaro, shi ne ya wayi gari yana mallakar mutane.

To ina Logon ta shigo? A 1742 ya rubuta takardar neman a tabbatar masa da matsayin ɗan sarauta, ya ce a garin Lagon aka haife shi, ubansa kuma mai sarauta ne. An daɗe ana cewa Habasha yake nufi. A 1996 wani masanin tarihi ɗan Benin, Diyedone Nyammanku, ya kawo hujjar cewa Logon-Birni ce, masana da dama suka karɓa, wasu har yanzu suna ja.

Ya ajiye aiki a 1762, ya rasu a 1781 a gandunsa na Suyida, kusa da Sanfitasbag. Ɗansa Iban ma ya zama janar, shi ya jagoranci gina birnin Kerson a 1778.