Jita Da Akwatin Kwalba: Tarihin Da Fiyano Ya Danne

Yau za mu ɗan ajiye labarin soyayya a gefe, mu taɓa tarihin wani kayan kiɗa da ya ratsa Kano ya wuce ba tare da kowa ya rubuta shi ba.

Kafin a ƙirƙiro tiransisto a Amurka a 1947, duk abin da ke ƙara sauti da kwalabe yake aiki. Wanda ya riski rediyon da zai tuna, sai ka kunna ta ka jira ta yi ɗumi kafin ta yi magana. To irin waɗannan kwalaben ne a cikin amfilifayar masu jita, kamar ta Fender ta Amurka, da ta Marshall da aka fara ƙerawa a Landan a 1962. Wata a haɗe take da lasifikarta, wata kuma a rabe, sai a ɗora ta bisa akwatin lasifika. Ita ce makaɗa ke kira "kai".

Lokacin da nake tattara bayanan wani littafina mai tauraro makaɗi, an haɗa ni da wani dattijo a Gyadi-Gyadi, wajen Titin Kotu, wanda ya yi zamaninsa yana kaɗa jita a otal-otal ɗin Sabon Gari, a shekarun da Bala Miller ke tashe a Kaduna. Har lokacin kan nasa na nan cikin ɗaki, an lulluɓe da tsohon zane. Na gwada ɗaga shi, wallahi kamar buhun gero.

"Ɗana," in ji shi, "in ka murɗa ta sosai ba ta yi maka ihu. Dusashewa take yi, kamar muryar wanda ya sha kuka. Wannan dusashewar muke nema."

Amma fa akwai wahala. Tasa ta Amurka ce, mai cin wuta 110, mu kuwa tamu ta ninka haka, dole sai da taransifomar rage wuta. Ga NEPA, yanzu a kawo ta da ƙarfi, anjima ta zo kamar kyandir. In yaro ya kuskura ya kunna ta ya kaɗa ba a jona lasifika ba, taransifomar ciki na iya ƙonewa. Kwalba kuwa gilashi ce, ramin hanya ɗaya ya ishe ta. Da ta ƙarshe ta mutu, ya zaga masu gyaran rediyo daga Tarauni har Sabon Gari, yaran yanzu suka buɗe suka ce ba su taɓa ganin irinta ba.

A ganina ba NEPA kaɗai ta kashe ta ba. Mutanenmu tun asali kallon kiɗan otal suke wa jita, ba su ɗauke ta kamar kukuma ko kuntigin Ɗan Maraya ba. Sai fim ɗin Hausa ya taso daga Turmin Danya a 1990, fiyanon Yamaha ya shigo, mutum ɗaya ya zama ganga, ya zama sarewa, ya zama jita. Bayan Sangaya a 1999 kuwa, magana ta ƙare. Ɗakunan ɗaukar waƙa suka cika Titin Gidan Zoo, nan kusa da gidan dattijon, ba wanda ya taɓa aiko masa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne maƙwabtanmu na Nijar. Mdou Moctar, Buzun da yau yake zaga duniya da jitar lantarki, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin salon muryar waƙoƙin fim ɗinmu. Ya karɓi namu, bai yar da jitarsa ba.

Na tambayi dattijon ko zai sayar da kan. Ya ce wani mai gwangwan ya taɓa tayawa, a kan kilo.